Dokar Filaye ta Fiji: Mai Ƙasa Ba Ya Sayarwa, Mai Noma Ba Ya Mallaka

A tsibiran Fiji da ke Tekun Fasifik, ko kana da kuɗi kamar Ƙaruna ba za ka iya sayen kusan kashi 90 cikin 100 na filayen ƙasar ba. Doka ta ce na 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda ake kira iTaukei, kuma su kansu ba su da ikon sayarwa sai dai ga gwamnati. Haya kawai ake bayarwa.

Tushen dokar yana can ranar 10 ga Oktoba 1874, ranar da Ratu Seru Cakobau da wasu manyan sarakuna suka miƙa tsibiran ga Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya. Shekara na zagayowa ƙyanda ta ɓarke, ta kashe mutum wajen dubu 40. A wannan hali gwamna Sir Arthur Gordon ya iske su a 1875, ga kuma Turawa 'yan kama-wuri-zauna suna ta da'awar sun sayi filaye. Sai ya hana sayar da ƙasar 'yan gida, ya sa a binciki cinikin da aka yi a baya. Abin da aka tabbatar a lokacin shi ne asalin ɗan filin da ake iya saye da sayarwa a yau, wanda bai kai kashi 10 ba.

To, a cikin 'yan ƙasar wa ke da filin? Ba mutum ɗaya ba ne. Doka ta ɗora mallakar a kan dangi, mafi yawa rukunin da ake kira mataqali, wato zuriyar kaka ɗaya. A nan akwai abin lura: kafin zuwan Turawa kowane yanki da irin tasa al'adar ta riƙon ƙasa, hukumar filaye da aka kafa a 1880 ce ta zaɓi tsari ɗaya ta shimfiɗa wa kowa. Ke nan abin da ake kira al'adar kaka da kakanni a yau, akwai hannun Bature a ciki. Ana rubuta sunayen 'yan kowane dangi a wani kundi mai suna Vola ni Kawa Bula. Wanda sunansa bai shiga ba, ba shi da rabo. Mai karatu a Arewa zai ga bambanci da dokar 1910 da ta sa ƙasar Arewacin Nijeriya a hannun gwamna. A Fiji an bar ta a hannun dangi.

An taɓa sassauta dokar daga 1905 zuwa 1907 zamanin gwamna Everard im Thurn, filaye masu kyau suka yi ta salwanta, aka yi maza aka rufe ƙofar.

Sai dai Gordon ya toshe wata kafa ne ya buɗe wata. Tunda ba ya so a kwashe 'yan ƙasa zuwa gonakin Turawa, ga shi kuma mulkin mallaka ba ya tafiya sai da kuɗin shiga, sai ya ɗauko abin da ya gani a Tirinidad da Morishiyas inda ya yi gwamna: 'yan ƙodago daga Indiya. Jirgin farko ya iso a 1879, kuma zuwa 1916 an kawo mutum wajen dubu 60 don noman rake, bisa yarjejeniyar shekara biyar da suke kira girmit. Da yawansu ba su koma ba. Jikokinsu suka zama manoman raken Fiji, a kan ƙasar da ba za ta taɓa zama tasu ba.

Don daidaita wannan zama aka yi dokar 1940, wadda Ratu Sir Lala Sukuna ya shawo kan sarakuna suka amince da ita. Ita ta kafa hukumar amintattu da a yau ake kira iTaukei Land Trust Board. Mai son fili ba zai je ya shirya da dattijon dangi ba. Hukumar zai nema. Ita za ta duba ko masu ƙasar na bukatar wurin don kansu, ta ƙulla hayar, ta karɓi kuɗin, ta cire ladan aikinta, ta raba sauran. A da sarakuna na ɗaukar kaso na musamman, amma a 2011 gwamnatin wancan lokaci ta Frank Bainimarama ta sa a riƙa rabawa daidai wa daida tsakanin 'yan dangi.

Wurin da igiyar ta fi tsinkewa shi ne gonaki. Dokar 1976 ta ba manomi hayar shekara 30, da kuɗin haya da bai wuce kashi 6 na darajar filin ba. Masu ƙasa suka ce an yi musu ƙwauro, manoma kuma kullum hankalinsu na kan ranar ƙarewar wa'adi. A ganina kowanne da gaskiyarsa. Da wa'adin ya fara cika a 1997, dangi da yawa suka ƙi sabuntawa. Iyalan da suka shekara hamsin a gona ɗaya suka kwashe kaya zuwa unguwannin share-wuri-zauna a gefen Suva, babban birnin ƙasar, wasu suka yi ƙaura zuwa Ostireliya da New Zealand. Wasu gonakin da aka karɓe kuwa daji ya cinye su, noman rake ya ja baya.

Kundin tsarin mulkin 2013 ya sake jaddada haramcin sayar da filayen 'yan ƙasa, har ya ƙara da cewa in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a sannan bukatar ta ƙare, dole ta mayar wa dangin da ta karɓa daga hannunsu.