Ƙa'idar Amurka da ta ba tauraron ɗan'adam damar riƙe wa turken waya aiki

A ƙarshen Satumban 2024 guguwar Helene ta afka wa tsaunukan yammacin jihar Karolina ta Arewa. Ruwa ya cinye hanyoyi, wuta ta ɗauke, turakun waya suka yi tsit. Ga mutum riƙe da waya cike da caji, amma ko lambar gaggawa ta 911 ba ta shiga. A farkon Oktoba hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ba kamfanin tauraron ɗan'adam SpaceX da kamfanin waya T-Mobile izinin wucin gadi su aika sabis daga sama kai tsaye zuwa wayoyin mutanen yankin. An riga an share fagen haka tun ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da hukumar, a ƙarƙashin shugabarta ta lokacin, Jessica Rosenworcel, ta amince da ƙa'idar cike giɓin sabis daga sararin samaniya.

Yadda kowane gidan rediyo yake da mitarsa, haka kowane kamfanin waya yake da zangon da wayoyinsa ke magana a kai. Da kuɗi masu kauri suka saya, kuma lasisin na aiki a doron ƙasa ne. Abin da ƙa'idar ta yi shi ne buɗe ƙofar haya: kamfanin waya ya ba kamfanin tauraro hayar wani yanki na zangonsa, shi kuma ya haska shi a daji, sahara da kan duwatsu, inda kafa turke ba zai biya kuɗinsa ba. Wayar aljihunka ce dai, ba a canza mata komai ba.

To amma ɗan haya ɗan haya ne. Idan siginar tauraro ta kutsa wa masu aiki a ƙasa, shi zai ja baya, kuma idan shi aka kutsa wa, ba shi da bakin ƙara. Sannan dole masu bayar da hayar su kasance su ke riƙe da duk lasisin wannan zango a yanki guda cur, kamar jihohi 48 da ke haɗe da juna, ko Alaska, ko Hawai. Dalilin a fili yake: abin da aka haska daga nisan ɗaruruwan kilomita bai san iyakar gonar maƙwabci ba.

Inda gizo ke saƙar, a ganina, shi ne batun 911. Hukumar ta bar nauyin a wuyan kamfanin waya. Duk kira ko saƙon gaggawa da ya biyo ta tauraro, dole ya kai shi cibiyar amsa kira ta yankin da mutumin yake, ta ɗayan hanyoyi biyu: ko ya yi amfani da bayanin wuri da wayar ta aiko, ko ya sauke shi a wata cibiya ta tsakiya inda ma'aikaci zai gano wurin ya miƙa. A gari, turken da ya ɗauki kiranka shi ke nuna unguwarku. Tauraro kuwa yana gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa, yana rufe fili mai faɗi. Direban da motarsa ta kife a saharar Nebada, idan saƙonsa ya faɗa wa jami'an wata gunduma mai nisa, minti nawa za su tafi kafin a juyo da shi? Ita kanta hukumar ta ce wannan sashe na riƙon ƙwarya ne.

Kada a haɗa wannan da saƙon neman agaji na iPhone 14 da ya fara a 2022. Wancan ta taurarin kamfanin Globalstar yake bi, a kan zangon da dama na tauraro ne.

A Nuwamban 2024 SpaceX ya samu lasisin farko a ƙarƙashin ƙa'idar, T-Mobile kuma ya buɗe wa jama'a sabis ɗin a Yulin 2025, da saƙon tes aka fara. Sai ka fito fili inda kake ganin sama, kuma saƙon kan ɗan jinkirta. SpaceX ya koka cewa iyakar ƙarfin sigina da aka gindaya ta yi tsauri, kamfanonin waya AT&T da Verizon suka ce a bar ta haka don kada a dagula musu layi. A Maris 2025 hukumar ta sassauta wa SpaceX, da sharaɗin cewa in aka samu kutse, shi zai gyara.