Tambayoyin da na gaji da amsawa kan girka manhajar sa ido kan tsaro

Wai me manhajar sa ido take yi?

Tana tattara bayanan abin da ke gudana a kwamfutocinka, ta kwarmata maka idan ta ga abin da bai kwanta mata ba: wani yana ta gwada kalmar sirri a jere, ko an taɓa fayil ɗin da bai kamata a taɓa ba.

Ke nan na daina sabunta manhajojina?

A'a. Wa ya gaya maka?

Na girka lafiya, amma allo fayau, ba komai. Ta lalace ne?

Ka sa wakili a kwamfutocin da kake son a sa wa ido? Yawanci nan matsalar take. A Wazuh, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajoji, misali, ƙaramar manhajar wakili ce ke aika bayanai zuwa sabar, wato babbar kwamfutar da ke tattara su: tana rajista ta ƙofar sadarwa mai lamba 1515, tana aika bayanan ta 1514. In katangar tsaronka ta toshe su, haka za ka wuni kana kallon allo. Buɗe su, ka sake tayar da wakilin. Kwantar da hankalinka, kusan kowa ya taɓa yin tuntuɓe a nan.

Me ya sa girkawar take da wahala haka?

Domin ba manhaja ɗaya ba ce. Akwai mai nazarin bayanai, da rumbun ajiyarsu, da allon dubawa, kuma sai an haɗa su da takardun shaidar tsaro kafin su yarda da juna. Manhajojin sa ido irin su Snort, da Martin Roesch ya fitar a 1998, ƙwararru aka yi wa su, ba a yi tunanin sabon shiga ba. Yanzu kam an samu sauƙi. Wazuh, da ta tsiro daga wata manhajar sa ido mai suna OSSEC a 2015, tana da mataimakin girkawa da ke haɗa duka ukun a na'ura ɗaya.

To umarnin nan guda ɗaya da ke girka komai, in yi amfani da shi ko kada?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsar ita ce ya danganta. Idan gwaji kake yi a na'urar da ba ta ɗauke da komai mai muhimmanci, yi amfani da shi, ba laifi. Gara ka ga abin yana aiki yau da ka gaji ka watsar bayan ka sha fama da takardun shaida.

Amma ka san me kake yi. Rubutun umarni ne ka sauko da shi daga intanet, ka ba shi cikakken iko a kan na'urarka. Don haka daga shafin masu manhajar kaɗai za ka ɗauko shi, ka ajiye shi tukuna, ka buɗe ka duba, ko da ba duka za ka fahimta ba. In sun bayar da sa hannu ko lambar tantance fayil, ka gwada. Ko wannan ma ba ya kawar da haɗari gaba ɗaya: a 2020 an cusa mugun abu cikin sabuntawar manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds, kuma da sa hannun kamfanin ta isa ga masu amfani da ita.

Docker fa, wato tsarin da ke gudanar da manhaja a keɓe kamar cikin akwati? Yana sauƙaƙa gogewa da sake farawa, shi ya sa nake son sa wajen koyo. Sai dai ƙofar da ka fitar ta Docker tana iya tsallake dokokin katangar tsaro ta ufw, ka ɗauka a rufe take alhali duniya na kallon allonka. Idan kuma na'urar aiki ce ta gaske, ko kwamfutocin suna da yawa, wataƙila ka raba sassan a na'urori daban, wataƙila kuma ba yanzu ba. Ni dai zan ce ka fara da na'ura ɗaya, ka bar rabawa sai buƙata ta taso.

Tsohuwar kwamfutata za ta ɗauka?

Wazuh na ba da shawarar RAM gigabait 8 da ma'ajiya gigabait 50 ga wakilai har 25. Duba taka.

Dole ne in canza kalmar sirrin da ta zo da ita?

Haba! Har yanzu ana wannan tambayar? Muguwar manhajar Mirai ta mamaye kyamarori da na'urorin intanet a 2016 da kalmomin sirrin da masu su ba su canza ba. Manhajar da ke ganin sirrin dukan kwamfutocinka kuma za ka bari da kalmar da ke rubuce a littafin jagora? Canza ta kafin ka tashi daga kujerar.

Faɗakarwa ta yi min yawa, in kashe?

Kada ka kashe duka. Makon farko haka yake. Ɗauki wadda ta fi maimaituwa, ka gano dalilinta, in aikin yau da kullum ne ka rage mata matsayi, sannan ka koma kan ta biye.