Dokar Lantarki ta 2023 da Zafin Ƙarƙashin Ƙasa: Me Ta Ba Kebbi Damar Yi?

Shekara da shekaru, jiha ba ta da ikon samar da lantarkinta ta raba wa jama'arta a yankunan da babban layin wuta na ƙasa ya kai. Wannan hurumin Abuja ne. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya cire wannan takunkumi, sai Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan Dokar Lantarki a watan Yuni na shekarar, ta maye gurbin dokar 2005.

Abin da dokar ke cewa a taƙaice shi ne: majalisar jiha za ta iya yin tata dokar, ta kafa hukumar da za ta riƙa ba da lasisi, sannan ta nemi NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, ta miƙa mata ragamar harkar wuta a cikin iyakarta. Enugu da Ekiti da Ondo suna cikin na farkon da suka karɓa a 2024. Jihar da ba ta yi haka ba, NERC ce ke ci gaba da kula da ita. Akwai kuma sassaucin da ya fi shafar talaka: wanda zai samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 ba a wuri guda, ko ya raba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba, ba ya buƙatar lasisi. Mai injin casar shinkafa a Argungu ko Kamba da ke ƙona gas kullum, wannan sashen nasa ne.

Dokar ta kuma ɗora wa NERC nauyin ƙarfafa makamashin da ba ya ƙarewa, domin ta tafi tare da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 da alƙawarin da Nijeriya ta ɗauka a taron duniya kan sauyin yanayi a birnin Gilasgo na daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake cirewa daga iska nan da 2060. A nan ne zafin ƙarƙashin ƙasa ya shigo. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa, zafi kan ƙaru da kusan digiri 25 zuwa 30. Inda dutsen ƙasa ya yi zafi sosai kuma akwai ruwa, ana haƙa rijiya mai zurfi, tururi ya taso ya juya injin, a mayar da ruwan ƙasa. Babu gas, babu gawayi, kuma ba ruwansa da dare ko hazon hunturu, wanda nan ne hasken rana ke gazawa. Kenya ta fara a Olkariya tun 1981, yau kaso mai tsoka na wutarta daga can yake fitowa.

Sai dai Kenya tana kan tsagin ƙasa mai aman wuta, mu ba haka muke ba. Muna da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kamar Wikki a Yankari da Ikogosi a Ekiti, amma har yau Nijeriya ba ta da tashar lantarki irin wannan ko ɗaya. Haƙar rijiyar gwaji tsada gare ta, kuma tana iya fitowa wayam. Ƙari a kan haka, babban aiki irin wannan sai ya bi dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1992, filin kuma yana hannun gwamna bisa Dokar Filaye ta 1978.

Ni a ganina, wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Kebbi ba zai ɗauki sauyin yanayi a matsayin zancen Turawa ba. Abin da nake so 'yan majalisarmu a Birnin Kebbi su yi shi ne su tabbatar dokar jiha ta ambaci zafin ƙasa da sunansa, ta fayyace wa ke ba da izinin haƙa, da haƙƙin manomin da za a shiga gonarsa, sannan a ware kuɗi masana ilimin ƙasa na jami'o'inmu su auna zafin da ke ƙarƙashinmu. Kafin sakamakon ya fito, faifan sola ƙasa da megawat 1 ba ya jiran lasisin kowa.