Waiwaye: Yadda bayanan ƙwayoyin halitta suka koma hawa gajimare da kansu

A watan Mayun 2025 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba, amma suka ɗage sashen da ya fi zafi: idan ƙasa ta karanto jerin ƙwayoyin halittar wata cuta ta baje wa duniya, me za ta samu? Da yawa na ɗaukar wannan taƙaddama 'yar zamanin korona ce, musamman daga Nuwamban 2021, lokacin da masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka bayyana nau'in Omicron, ƙasashensu kuma suka wayi gari an rufe musu hanyoyin jiragen sama. Gaskiyar magana, tushen ya girmi korona. Wani ɓangarensa ma yana inda masu sharhi ba su cika leƙawa ba, wato hanyar da fayil ke bi daga na'urar ɗakin gwaji zuwa kwamfutocin haya na intanet da ake kira gajimare.

Farkon labarin sananne ne. An buɗe rumbun GenBank na tara jerin ƙwayoyin halitta a Amurka a 1982, aka fara aikin karanta ƙwayoyin halittar ɗan Adam a 1990, a taron Bamuda na 1996 aka yarda a riƙa sakin sakamako cikin awa 24, aka kammala aikin a 2003. A wancan zamani bayanan ba su da nauyi. Mai bincike ya sauke su a kwamfutarsa, ya yi aikinsa. Ko Galaxy, dandalin intanet na nazarin irin waɗannan bayanai, da Anton Nekrutenko da James Taylor suka fara a Jami'ar Jihar Fensilbaniya a 2005, a kan wannan tsari ya taso: ka zaɓi fayil da hannunka, ka loda, ka jira ya tashi daga launin toka ya koma kore, alamar ya gama lodawa.

Tsakanin 2008 da 2012 ne komai ya juya, kuma a ganina nan ya kamata a daɗe ana dubawa. Sababbin na'urori sun karya farashi: karanta ƙwayoyin halittar mutum guda ya sauko daga kusan dala miliyan 10 a 2007 zuwa kusan dala dubu 10 a 2011. Farashin ajiya da saurin intanet ba su bi wannan gudu ba. Ɗanyen bayanan mutum guda kan kai gigabayit 100. A layin intanet mai saurin megabit 10 a daƙiƙa, loda shi kaɗai zai ci kusan awa 22, in wuta ba ta ɗauke ba, layin kuma bai yanke ba. Shafin Galaxy a lokacin ba ya karɓar fayil da ya haura gigabayit 2 kai tsaye, sai an zagaya ta FTP, wata hanya ta daban ta tura fayil a intanet. Abin ya kai cibiyar BGI ta Shenzhen a ƙasar Sin, wadda ke cikin mafiya girma a duniya, tana zuba sakamako a faifan ajiya tana aikawa ta hannun masu jigilar kaya, domin jirgi ya fi waya sauri. A Fabrairun 2011 aka sanar cewa za a rufe rumbun SRA, inda ake tara ɗanyen bayanai, saboda ƙarancin kuɗi. An janye shawarar a cikin shekarar, amma kowa ya ga inda aka dosa.

Mafitar da aka kama mai hankali ce, babu musu. A 2010 Lincoln Stein ya rubuta a mujallar Genome Biology cewa maimakon kowa ya kwashi bayanai ya kai gida, a bar su wuri guda, a kawo manhajojin nazari inda suke. A shekarar ce Enis Afgan da abokan aikinsa suka fitar da CloudMan, wanda ke ba mai bincike damar kunna nasa Galaxy a kwamfutocin haya cikin mintuna. A Maris na 2012 aka ɗora bayanan aikin karanta ƙwayoyin halittar mutum 1000, kimanin terabayit 200, a gajimaren Amazon. Daga nan gajimare ya zama kasuwa: wanda ke son ciniki shi ke kai kayansa.

Saura abu guda, yadda kayan za su isa. Ba mai iya zama yana danna fayil dubu ɗaya bayan ɗaya, sai aka miƙa aikin ga kwamfuta. A 2013 aka wallafa BioBlend, kayan aikin da ke ba 'yar gajeriyar manhaja damar magana da Galaxy ba tare da mutum ba. Tsarin da ya zama ruwan dare shi ne wannan: a rubuta adireshin dandali da mabuɗin sirri a wani ƙaramin fayil, a nuna wa manhaja jakar da na'ura ke zuba sakamako, ita kuma ta zauna tana gadi. Da zarar sabon fayil ya faɗo, ta tura shi, ta gwada lambar tantancewa don tabbatar da bai lalace a hanya ba, ta kunna nazarin. Wasu na'urorin ma suna turawa tun ba su gama karatu ba.

Amfanin wannan ba ƙarami ba ne. Ya rage kuskuren sunan samfur, ya sa ana iya maimaita bincike, kuma a lokacin annoba kowace awa rai ce. Amma akwai abin da ya salwanta. Lodawa da hannu, duk da wahalarta, tana tilasta wa wani ya tsaya ya duba: jinin wa ne wannan, me ya yarda a yi da shi, wace ƙasa fayil ɗin zai sauka? Da aka sauƙaƙa aikin, waɗannan tambayoyi suka koma layi guda a fayil ɗin saiti, wanda ake cikewa sau ɗaya a manta da shi. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi. Matsalar nauyi ake warwarewa, a ɗakunan gwaji masu wadatar wuta da intanet, kuma batun mallaka ba ya kan tebur a ranar.

Afirka ta shigo bayan an riga an shimfiɗa hanyar. Shirin H3Africa, na binciken ƙwayoyin halitta da lafiyar 'yan Afirka, ya fara ba da tallafi a 2012, a daidai lokacin da tsarin ke kafuwa, alhali manyan cibiyoyin gajimare ba su iso nahiyar ba sai 2019 da 2020, su ma a Afirka ta Kudu. Cibiyar ACEGID ta binciken ƙwayoyin halittar cututtuka da ke Ede a jihar Osun ta karanta jerin ƙwayar korona na farko a Afirka a Maris na 2020 cikin 'yan kwanaki, wanda ya nuna iya aiki ba shi ne cikas ba. Dokoki ne suka zo a makare. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta saka bayanan ƙwayoyin halitta cikin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutane daga ƙasa. A 2024, a birnin Kali na Kolombiya, aka amince da asusun raba ribar da ake samu daga irin waɗannan jerin bayanai na tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu. Duka biyun sun tarar da manhajojin lodawa sun shafe shekara goma suna aiki dare da rana.