Hanyoyin nazarin tasirin ƙarin mafi ƙarancin albashi kan samun aiki

Idan gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi, masu ɗaukar aiki za su rage ma'aikata? Amsar tana da wuya, domin babu mai iya ganin abin da zai faru da ba a yi ƙarin ba. Shi ya sa kowace hanya take neman wurin da za ta yi kwatance da shi.

Tsohuwar hanya

Har wajen shekarun 1980, masana na bin alƙaluman ƙasa ne shekara-shekara. Wani nazari na 1982 a Amurka ya ƙiyasta cewa ƙarin kashi 10 cikin ɗari kan rage aikin matasa da kashi 1 zuwa 3. Aibinta shi ne, in kasuwa ta faɗi a shekarar, sai a ɗora wa albashi laifin.

Kwatancen maƙwabta

A Afrilun 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin albashin awa ɗaya daga dala 4.25 zuwa 5.05, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta taɓa nata ba. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka ƙirga ma'aikata a gidajen abinci 410 a jihohin biyu, kafin ƙarin da kuma bayansa, sannan suka cire canjin Pennsylvania daga na New Jersey. Ba su ga aiki ya ragu ba. Sharaɗin hanyar shi ne a ce da ba a yi ƙarin ba, jihohin tafiya ɗaya za su yi. Wasu masanan, Neumark da Wascher, sun duba takardun biyan albashi, suka ce aiki ya ragu. Har yau ana jayayya.

Daga baya an koma kwatanta gundumomin da ke gefe biyu na iyakar jihohi.

A Najeriya

Albashin ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sai 70,000 a 2024. Jihohi ba sa fara biya lokaci guda, wannan kuwa dama ce ga mai kwatance. Sai dai dokar 2019 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Yaron shago a kasuwar Sabon Gari ko tela a Tudun Wadan Zariya, da baki suke shiryawa da maigida, babu takardar da za a duba. Ga shi a 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sauya ma'aunin rashin aiki, don haka alƙaluman da da na yanzu ba sa haɗuwa.