Ƙwaron wake da ƙwaro mai ƙahon barewa

Ƙwaron wake da ƙwaro mai ƙahon barewa dangi ne na nesa, dukansu daga rukunin ƙwari masu taurin fiffike, inda buzuzu ma yake. Abincin tsutsarsu ne ya raba su: ta ɗaya tana cin hatsin da mutum ya adana, ta ɗayan kuwa ruɓaɓɓen itace.

Ƙwaron wake

Masana na kiransa Callosobruchus maculatus, masanin ƙwari Fabricius ne ya fara bayyana shi a 1775. Tsawonsa bai cika wuce milimita 4 ba. Macen tana manna ƙwai a bayan ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shige, ta cinye cikin. Idan ana zafi, cikin mako 3 zuwa 4 sabon ƙwaro ya fito, ya bar ɗan rami zagayayye. Baligin ba ya buƙatar ci ko sha, kwanakinsa ba su cika wuce mako 2 ba.

Ɓarnarsa ta fi tsanani a Najeriya da Nijar, waɗanda suka fi kowa noman wake. Buhun da ya huje, da an zura hannu sai a ji gari da ɗumi, kuma farashinsa ya faɗi ke nan. Tun da can manoma na cuɗa wake da toka ko yashi ko barkono, ko su shanya shi a rana. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar bayan bincike a arewacin Kamaru, ya fara yaɗuwa wajen 2007. Yana toshe iska ne, ƙwarin su mutu ba tare da magani ba.

Mai ƙahon barewa

Wanda aka fi sani shi ne Lucanus cervus na Turai, masanin halittu Linnaeus ya raɗa masa suna a 1758. Namijin kan kai santimita 7 da rabi. Abin da ake gani kamar ƙaho muƙamuƙinsa ne, da shi maza ke kokawa a kan mace. Tsutsar kan shekara 3 zuwa 7 a ƙarƙashin kututture, baligin kuma makonni kawai yake yi yana lasar ruwan itace.

Ana alaƙanta sunan Lucanus da yankin Lukaniya na Italiya. Albrecht Dürer, mai zane ɗan Jamus, ya zana ƙwaron a 1505. A da, wasu ƙauyawan Jamus sun ɗauka yana ɗauko garwashi ya kai kan rufin gidaje.

Ba ya taɓa amfanin gona. Yawansa na raguwa saboda kwashe matattun itatuwa, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 1992 ta ba shi kariya.