Ga masu shirin kwana a bakin teku: ruwan can ba irin na Dadin Kowa ba ne

Wata sabuwar al'ada ta shigo wa samarinmu na Gombe da Bauchi. Hutun ƙarshen shekara na zuwa sai abokai huɗu ko biyar su haɗa kuɗin mai, su loda tanti da tabarmi da tukunya a bayan mota, su nausa kudu. Wasu kan bi ta Numan da Jalingo da Wukari, su ratsa Katsina-Ala da Ogoja da Ikom har Kalaba, daga nan su gangara Ibeno a jihar Akwa Ibom. Wasu kuma Badagry suka nufa, har ma su tsallaka iyakar Seme zuwa Kwatano. Burinsu su sami wurin da babu otal, babu hayaniya, su kafa tanti a kan yashi su kwana suna jin ƙarar teku. Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma ba na cikin masu cewa a hana su. Yawon buɗe ido ilimi ne, gaɓar tekun Najeriya kuwa ta kai kusan kilomita 850, ƙasarmu ce, ya dace 'ya'yanmu su gan ta. Abin da ke damuna shi ne, wurin da suka zaɓa don nisansa da mutane, ya yi nisa da asibiti ma. Ciwon da za a magance cikin rabin sa'a a Tudun Wada ko Pantami, a can yana iya zama ajali, don kawai babu inda za a kai mutum da wuri. Saboda haka yawancin aikin tsare lafiya a gida ake gama shi, tun kafin a tayar da mota.

Hanyar kanta ba zan daɗe a kanta ba, don kowa ya san halinta. A sami direba biyu, a riƙa tsayawa ana miƙe ƙafa bayan kowace sa'a biyu, kuma kada a yi tafiyar dare. Wanda barci ya kama ya ba ɗan'uwansa sitiyari, kada ya nemi ƙwaya; tiramadol ba ya korar gajiya, hankalin direba yake ragewa. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112, amma ku sani akwai wuraren da waya ba ta da sabis. Ku gaya wa wani a gida inda za ku kwana da ranar da ya kamata ya ji muryarku.

Babbar magana ita ce ruwan. Yaron da ya tashi yana iyo a kogin Gongola, ko a madatsar Dadin Kowa, ko a Gubi, yana ganin ya iya ruwa, kuma ya iya ɗin, amma irin wanda ya sani. Kogi gefe ɗaya yake gudu, kana kallonsa ka san inda ya nufa. Teku kuwa turo ruwa take yi zuwa gaɓa ba fasawa, kuma ruwan nan dole ya koma. Sai ya tattaru ya sami wata 'yar hanya tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi, ya bi ta da ƙarfi ya koma ciki. Wannan hanyar ita ke ɗauke mutane. Abin takaici, a ido ita ta fi kama da wurin aminci: igiyar ruwa ba ta fashewa a wurin, ruwan ya yi lumui, launinsa ya ɗan fi duhu, wani lokaci ka ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Baƙo na zuwa sai ya ce, yauwa, nan ne babu haɗari, ya shiga.

In wannan hanyar ruwan ta ja ka, ba ƙasa take danna ka ba, nesa da gaɓa take kai ka. Abin da ke kashe mutum shi ne ya juya ya yi ta kokawa da ita don ya dawo ta inda ya shiga, har ƙarfinsa ya ƙare. Ko gwanin ninƙaya ba ya cin nasara a wannan kokawar. Ka kwanta rigingine a kan ruwan, ka yi numfashi, ka ɗaga hannu a gan ka. In kana da ƙarfi ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓar, dama ko hagu, don hanyar ba ta cika faɗi ba. Kana fita daga cikinta sai igiyar ruwa ta taimaka maka zuwa tudu. Ku da kuke waje kuma, ina roƙonku da girman Allah, kada ku faɗa ciki hannu sake don ceton aboki. Sau da yawa haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Ku jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, jarkar da babu komai ciki da murfinta a rufe, ko tayar mota ta ciki mai iska, ku kira masunta. Wanda aka fito da shi ba ya numfashi, kada a tsaya matsa masa ciki ko juya shi kai ƙasa wai don ruwa ya fita. Lokaci ake ɓatawa. A kwantar da shi, a fara hura masa iska baki da baki, sannan a danna tsakiyar ƙirjinsa sau 30, a hura sau 2, a ci gaba da haka. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti, don huhun da ya shaƙi ruwa kan rikice bayan sa'o'i.

Shawarata ta gaskiya: wanda bai taɓa shiga teku ba ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a gaban mutanen garin, da rana. Hoton da za a ɗauka a nan ma yana yin kyau.

Baƙo ko da ido makaho ne. Kafin ku sauke kaya, ku nemi mai garin ku gaishe shi, ku nemi izini, ku tambayi masunta inda ake shiga da inda ba a shiga. A yawancin garuruwan kudu akwai Sarkin Hausawa, a Kalaba ma akwai unguwar Bogobiri ta mutanenmu; su za su gaya muku asibitin da ya fi kusa da hanyar da ba a bi. Ku tambayi masuntan kuma iyakar da ruwa ke kaiwa da dare. Teku tana cika tana janyewa kusan sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da janyewa kimanin sa'a 6. Filin yashin da kuka gani a bushe da la'asar, yana iya zama cikin ruwa da tsakar dare. Ku duba inda ciyawar ruwa da tarkace suka yi layi a kan yashi, ku wuce shi sosai zuwa tudu kafin ku kafa tanti ko ku ajiye mota. Kada kuma a kwana ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya.

Akwai kisan da ba ya ƙara. Ruwan sama ya sauko, sai a shigo da murhun gawayi cikin tanti a zuge ƙofa, ko a jawo janareta kusa don kada ya jiƙe. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai take fara sa wa da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin komai, ba ya kuma farkawa. Wuta da injin duk a waje, nesa da ƙofar tanti, ko da ruwan kamar da bakin ƙwarya yake.

Sai sauro. Mu nan mun saba zazzaɓinsa ya fi tsanani da damina, ya lafa da hunturu. A gaɓar teku babu wannan hutun, duk shekara ana kamuwa. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, don haka ba abin rainawa ba ne. Ku tafi da gidan sauro mai magani ko da tantinku na da raga, da man shafawa mai korar sauro, da riga mai dogon hannu don magariba. Ku nemi ma'aikacin lafiya ya ba ku abin gwajin jini na gaggawa ya koya muku amfani da shi, tare da maganin zazzaɓi mai haɗin atemisinin da ake sha kwana 3. Wanda ya fara sha ya ƙarasa, ko ya ji sauƙi a rana ta biyu. Mace mai ciki da ƙaramin yaro, ni dai ban ga dalilin kai su kwanan daji irin wannan ba.

Cutar shawara ma sauro ke kawo ta, kuma mutanen Bauchi ba su manta da 2019 ba, lokacin da ta ɓulla a ƙaramar hukumar Alƙaleri, aka danganta ta da waɗanda suka ziyarci Yankari. Ba ta da maganin da ke kashe ta, amma allura ɗaya tana kare mutum tsawon rayuwarsa. Sai ta kwana 10 a jiki kafin katin shaidarta ya fara aiki, kuma za a nemi katin a iyaka in za ku shiga Benin ko Togo ko Gana. Wasu kan biya kuɗi a buga musu kati ba tare da an yi musu allurar ba. Jami'in kan iyaka kaɗai suka ruɗa. Jininsu yana nan a buɗe.

Ruwan sha ku tafi da shi a jarkoki, fiye da yadda kuke zato za ku buƙata, don zafin can mai gumi ne. Rijiyoyin bakin teku sukan yi zartsi, wasu kuma suna kusa da inda ake bahaya. Duk ruwan da ba ku amince da shi ba ku tafasa, ko ku sa ƙwayar tsarkake ruwa ku jira minti 30. Kifi da kaguwa da jatan lande a dafa su sosai a ci da zafinsu, don ƙwayar kwalara tana rayuwa a ruwan gaɓa tana kuma maƙalewa a jikin irin waɗannan halittu. In gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In babu na leda, a lita 1 ta ruwa mai tsabta a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa kuwa, a ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukarin a mota ana hanyar asibiti. Mai sikila ya fi kowa buƙatar shan ruwa, kuma sanyin teku na iya tayar masa da ciwo. Mai ciwon sukari da mai hawan jini su ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, insulin kuma kada a bar shi cikin motar da ke rana.

Mu mutanen Gombe mun san maciji, asibitin Kaltungo shaida ne. Sai dai macizan kurmi ba kububuwarmu ba ne, kuma maganin dafin wannan ba lallai ya yi wa wancan aiki ba. Dokar taimakon farko dai ɗaya ce: ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure da roba tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa mota. Da dare a sa takalmi a riƙe tocila, da safe a kakkaɓe takalmin kafin a zura ƙafa. Wanki kuma kada a shanya shi a kan yashi ko ciyawa, don akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kan tufafi masu danshi, tsutsarsa ta shige fata ta yi ƙurji kamar maruru. A shanya a igiya cikin rana, a yi guga idan an samu dama.

Bayan an dawo gida ma ba a gama ba. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki kwana 7 zuwa 15, wani lokaci fiye, kafin ya bayyana, ta yiwu kuna Gombe har kun koma aiki sannan jiki ya ɗau zafi. Kada a tsaya kemis a sayi farasitamol a yi shiru. A je a yi gwaji a ranar, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya garuruwan da aka bi, da inda aka kwana, da ruwan da aka shiga. In ido ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, ko jini ya fito ta hanci ko dasashi, wannan na babban asibiti ne a take, kuma a sanar da sauran abokan tafiyar su ma a duba su.